BABI NA HUƊU: SABUNTA TSOHON WASAN WAƘA DA MATSAYIN YARA A CIKINSA, DA MISALI DAGA ƘASAR HAƊEJA

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an kawo bayanin ire-iren wasannin gargajiya da ake yi da waƙa a ƙasar Haɗeja, tare da lokutan da ake yin kowannensu. A wannan babi kuwa za a yi nazarin abin da kan faru ga irin waɗannan wasanni idan aka ɗauke su daga dandali aka zuba su a sabon zubi, musamman fim. Domin a sami ma'aunin da za a yi awo da shi, an fara da duba yadda wasu al'ummu suka sabunta nasu tsohon wasan waƙa da ake kira ofera. Daga nan sai a dubi tatsuniya da tashe, da aikin da waƙa take yi a cikinsu, da abin da finafinan Hausa suka riƙe da wanda suka saki. A ƙarshe za a yi magana kan matsayin yara, domin su ne ake cewa ana yin sabuntawar dominsu.

4.1 Ofera da Hanyoyin Sabunta ta

Ofera wasan kwaikwayo ne da ake gudanar da shi da waƙa da kiɗa, wato maimakon taurari su yi zance kamar yadda aka saba, sai su riƙa rera maganganunsu. Wannan fasaha ta samo asali ne daga ƙasar Italiya wajejen shekarar 1600, ta yaɗu zuwa Faransa da Jamus da sauran ƙasashen Turai. Da tafiya ta yi nisa sai ta zama abin manya da masu hali, saboda tsadar shiga da tsawon wasa, ga shi kuma sau da yawa ana rera ta cikin harshen da mai kallo ba ya ji. Wannan ne ya sa masu wasa suka shiga neman hanyar da za su kusanto da ita ga matasa.

Idan aka duba ayyukan da aka yi, za a ga hanyoyi biyu ne fitattu. Hanya ta farko ita ce a riƙe kiɗa da karin waƙa na asali, a sauya harshe da wurin da labari ya faru. Misali a nan shi ne Carmen, wadda Georges Bizet ya tsara, aka fara nuna ta a birnin Faris a 1875. A 1943 Oscar Hammerstein ya mayar da ita Carmen Jones a Amurka, da 'yan wasa baƙar fata zalla. Ya bar kiɗan Bizet yadda yake, ya sa sababbin kalmomi na Ingilishi, ya mayar da masana'antar taba ta zama ta ɗinkin lemar saukowa daga jirgin sama, mai wasa da bijimi kuma ya koma ɗan dambe. A 2005 an sake yin wannan labari a fim a Afirka ta Kudu da sunan U-Carmen eKhayelitsha, aka rera shi cikin harshen Kosa, har ya ci babbar kyautar bikin finafinai na birnin Balin a wannan shekara.

Hanya ta biyu ita ce a riƙe ƙashin labari, a yi masa sabon kiɗa ɗungum. La Bohème ta Giacomo Puccini, wadda ta fito a 1896, labari ne na matasa matalauta masu fasaha a Faris, inda tarin fuka ya kashe tauraruwar wasan. Bayan shekara 100 daidai, wato a 1996, Jonathan Larson ya fitar da Rent, ya kai labarin birnin Niyok, cutar ƙanjamau ta maye gurbin tarin fuka, kiɗan kuma ya zama irin wanda matasan lokacin suke saurare. Haka nan a Sanagal, Joseph Gaï Ramaka ya yi Karmen Geï a 2001, ya yi amfani da gangunan ƙasarsa a maimakon kiɗan Bizet.

Abin lura a nan shi ne, a dukkan hanyoyin biyu an sauya tufafi da gari da harshe, wani lokaci har da kiɗa, amma akwai abu guda da ba a taɓa ba, wato aikin waƙa. A kowanne daga cikin waɗannan wasanni waƙa ce take ɗauke da labari. A cikinta tauraro yake yanke shawara ko ya yi rantsuwa, a cikinta kuma ake rabuwa. Idan aka cire waƙoƙin, labarin ba zai tsaya da ƙafarsa ba. Wannan shi ne ma'aunin da za a yi amfani da shi a sauran sassan wannan babi.

4.2 Wasan Waƙa a Ƙasar Haɗeja

Hausawa ba su da gidan ofera, amma suna da wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa tun kafin zuwan Turawa. A masarautar Haɗeja, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomi 8 na Jihar Jigawa, wato Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Kaugama da Malam Madori da Birniwa da Kirikasamma da Guri, akwai nau'i biyu da suka fi kusa da wannan siffa, kamar yadda suke a sauran ƙasar Hausa.

Na farko shi ne tashe, wanda yara suke farawa idan watan azumi ya kwana goma. A tashe akwai shiga ta musamman, akwai kwaikwayon halin wani, akwai jagora da 'yan amshi, kuma kusan duk abin da za a faɗa da waƙa ake faɗarsa. A wasan Jatau mai magani, yaro yakan yi shigar boka ya riƙa jero magungunansa da amfanin kowanne, sauran suna amsawa. A wasan Mairama da Daudu kuwa, 'yan mata sukan yi wa ɗaya shigar ango ɗaya ta amarya, su nuna zaman aure da ladubbansa cikin waƙa. Na biyu shi ne tatsuniya mai waƙa, wadda tsohuwa ko babbar yarinya take yi wa yara da dare, musamman da kaka bayan an kawar da amfanin gona. A nan mai ba da labari ita kaɗai take zama dukkan taurari, masu saurare kuma su zama 'yan amshi.

Ta nan ne bambanci mai muhimmanci ya fito tsakanin Turai da ƙasar Hausa. A can, ofera ta manya ce, ana neman dabarar da za a jawo yara gare ta. A nan kuwa wasan waƙa tun asali na yara ne, su suke yi, su suke koya wa ƙannensu, manya kallo kawai suke yi su ba da ɗan hatsi ko kwabo. Saboda haka duk wanda ya ce zai sabunta tatsuniya ko tashe domin yara, kayansu ne ya ɗauka, kuma dole a tambaye shi a wane hali ya mayar musu da shi.

4.3 Aikin Waƙa a Tatsuniyar Daskin-da-Riɗi

An zaɓi wannan tatsuniya ne saboda sanuwarta a ko'ina cikin ƙasar Hausa, da kuma kasancewar an mayar da ita fim. Ga taƙaitaccen zubinta. Wani saurayi ɗan sarauta ya ɓoye sunansa, ya ce ba zai auri kowa ba sai wadda ta faɗi sunan. 'Yan mata suka ci ado suka kama hanya. A bakin ruwa suka tarar da wata tsohuwa tana wanka, ta roƙe su su cuɗa mata baya, kowacce ta yi mata tsaki ta wuce. Sai wata yarinya da aka raina, wadda ba ta da kayan ado kamar nasu, ta tsaya ta yi wa tsohuwar abin da ta nema. Tsohuwa ta saka mata da faɗa mata sunan saurayin. Da aka isa ƙofar ɗakinsa, kowace yarinya takan yi sallama da waƙa, shi kuma ya amsa da waƙa ya nemi ta faɗi sunansa, idan ta kasa ya kore ta. Haka aka yi ta yi har aka zo kan wadda aka raina, ta faɗi suna, aka buɗe mata ƙofa.

Idan aka yi la'akari da wannan zubi za a ga waƙar bakin ƙofa tana aiki ta fuskoki da dama. Da farko dai ita ce jarrabawar kanta. Ba a tsayar da labari don a yi waƙa sannan a dawo a ci gaba ba, a cikin waƙar ake faɗuwa, a cikinta kuma ake ci. Wanda ya cire ta ya cire ƙololuwar labarin.

Bugu da ƙari, maimaitawar da ake yi tana da manufa. Kari ɗaya ne, kalmomi kusan ɗaya ne, abin da yake sauyawa shi ne mai rerawa da amsar da ta bayar. Yaron da ya ji waƙar sau ɗaya, a karo na biyu zai bi ta da gunguni, a na uku kuwa ya riga ya haddace, shi ma yana rerawa. Kafin a kai ga yarinya ta ƙarshe, dandalin gaba ɗaya ya zama bakin ƙofar saurayi. Ta haka tatsuniyar take koyar da kanta ga wanda zai ba da ita gobe, ba tare da an zaunar da shi an ce ya koya ba.

Har ila yau, akwai dabarar jan hankali. Masu saurare sun riga sun ji sunan daga bakin tsohuwa, don haka sun fi 'yan matan sani. Duk lokacin da wata ta kasa, yara sukan yi dariya, wasu har su so su faɗa mata. Jigon tatsuniyar, wato girmama na gaba da cewa ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido, ba a faɗe shi da baki ba. Yaro yana gano shi ne da kansa ta hanyar ganin wadda ta yi ladabi a bakin ruwa ita ce waƙarta ta buɗe ƙofa. Ga yaron Guri ko na Kirikasamma, wanda yake ganin tsofaffi suna wanka da wanki a bakin kogi kullum, wannan tsohuwa ba baƙuwa ba ce a wurinsa.

4.4 Daga Dandali zuwa Fim

Sauya aikin adabi daga wani zubi zuwa wani ba sabon abu ba ne a Hausa. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan daɓe, sannan Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Finafinan bidiyo kuwa sun fara ne da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano a 1990. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Sarauniya na Kano ya yi fice wajen finafinan da aka gina a kan gargajiya. Shi ya fitar da Daskin-da-Riɗi, sannan ya fitar da Sangaya a 1999, labarin ɗan sarki da baiwar gidansu, wanda zubinsa ya yi kama da na tatsuniya.

Dole a yaba wa waɗannan finafinai ta fuska biyu. Sun nuna cewa labarin gargajiya yana da kasuwa a wurin matasa, sun kuma adana hoton tufafi da gine-gine da tsarin fada ga waɗanda ba su taɓa shiga gidan sarauta ba. Waƙar Sangaya ta shiga bakin yara da 'yan mata a gidajen biki daga Kano har ƙauyuka, ta ma ƙetara zuwa Nijar. An yi kiɗanta ne da fiyano, wanda aka sarrafa shi ya riƙa kwaikwayon amon kayan kiɗan gargajiya.

Sai dai nasarar wannan waƙa ta buɗe wata ƙofa. 'Yan kasuwar kaset sun lura cewa waƙa ce take sayar da fim, sai ya zamana a shekarun da suka biyo baya ana shirya waƙoƙi tun kafin a gama labari, a sa su a tallar fim, a nema musu gurbi daga baya. Tsarin da ya yaɗu shi ne irin na finafinan Indiya, waɗanda Hausawa suka daɗe suna kallo a gidajen silima: saurayi da budurwa su fita lambu ko bakin dutse, su sauya tufafi sau da yawa, su yi waƙar soyayya, sannan a dawo inda aka tsaya. Idan aka ɗora wannan a kan ma'aunin da aka kafa a 4.1, za a ga an yi akasin abin da masu sabunta ofera suka yi. Su sun sauya tufafi da gari sun riƙe aikin waƙa. A nan kuwa an riƙe rawani da alkyabba da zaure, an saki aikin waƙa. Hujja a kan haka a bayyane take, domin idan mai kallo ya tsallake waƙa a yawancin finafinan wancan lokaci, babu abin da zai ɓace masa daga labarin. Wannan ba ya yiwuwa a waƙar bakin ƙofa ta Daskin-da-Riɗi.

Wannan rabuwa tsakanin waƙa da labari ta jawo wata illa. Da waƙa ta zama ado, sai hankalin jama'a ya koma kan rawa da sutura, malamai da iyaye suka yi ta suka, har gwamnatin Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Muhawarar da aka yi ta yi daga nan ta tsaya ne a kan ko a bar waƙa a fim ko a cire ta, ba a cika tambayar wane aiki waƙar take yi ba. Alhali kuwa Bahaushe bai taɓa ƙyamar waƙar da take cikin tatsuniya ba, kakanni ne ma suke koya wa jikoki ita.

4.5 Matsayin Yara

Babbar asarar da aka yi a wannan sauyi ta shafi matsayin yaro. A dandali yaro ɗan amshi ne, gobe kuma shi ne jagora. A gaban talabijin ko waya kuwa ɗan kallo ne kawai. Yana iya haddace waƙar fim, amma muryar mawaƙin da kiɗan fiyano sun riga sun ɗaure ta, ba ya iya ƙara mata ɗa ko ya sa sunan abokinsa a ciki kamar yadda ake yi a tashe. Daga zamanin gidajen kallo na bidiyo zuwa buɗe tashar Arewa24 a 2014, zuwa yau da ake tura fim a waya ko a kalla a YouTube, adadin labaran da suke isa ga yaro ya ƙaru ƙwarai, amma damar da yake da ita ta ba da labari da bakinsa ta ragu.

Masu ofera a Turai sun fahimci wannan matsala, wasunsu kuma sun nemi maganinta. Engelbert Humperdinck ya ɗauki wata tatsuniyar Jamusawa ya yi Hänsel und Gretel a 1893, wadda ta zama ƙofar da yara da yawa suke shiga ofera ta cikinta. Benjamin Britten na Ingila ya ƙara gaba. A The Little Sweep ta 1949 ya tanadi waƙoƙin da masu kallo za su koya su rera tare da 'yan wasa, a Noye's Fludde ta 1958 kuma ya bai wa yara mafi yawan matsayi, da rerawa da kiɗa. Jigon wasan na biyu ya shafi wani annabi, abin da Musulmi ba za su kwaikwaya a daɓe ba, amma dabarar da aka bi ita ce abin lura. Abin da Britten ya zauna ya tsara da gangan, wato jagora da amshi da yara a tsakiyar fili, shi ne abin da tashe yake da shi tun asali.

Mutanen ƙasar Haɗeja sun san abin da kan faru ga gadon da aka daina miƙawa baki da baki. Auyokawa suna da harshensu na kansu a da, yau kuwa babu mai magana da shi, sai sunan gari da na al'umma. Waƙar tatsuniya ma haka take, idan tsara ɗaya ba ta rera ta ba, wadda za ta biyo baya ba za ta san karinta ba, ko da an rubuta kalmomin a littafi. Littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya sun adana labarai da kalmomin waƙoƙi masu yawa, amma takarda ba ta ɗaukar murya.

4.6 Abin da Za a Iya Ginawa a Kai

Ƙasar Haɗeja ba ta rasa kayan da za a gina sabon wasan waƙa da su ba. Akwai tatsuniyoyin da suka shafi kogi da dodon ruwa, akwai kirarin masunta da waƙoƙin aikin gayya da na daka. Rayuwar fadama kanta cike take da abin da ake kira rikici a wasan kwaikwayo: sauyin tafiyar ruwa bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa, takaddama tsakanin manomi da makiyayi da masunci a kan fadama guda, da ambaliya irin ta 2022. A tarihi akwai labarin Sarki Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye ya rasu a 1863, da na Sarki Muhammadu, wanda ya rasu yana yaƙar Turawa a 1906. A rubutacciyar waƙa kuma akwai Mu'azu Haɗeja, wanda waƙoƙinsa na gargaɗi suke da taurari da hoton rayuwa da za su iya hawa daɓe.

Amma akwai sharuɗɗa. Na ɗaya, kowace waƙa da za a sa ta zama tana ɗauke da wani ɓangare na labari. Na biyu, a bar gurbin amshi, kuma yara su kasance cikin 'yan wasa. Makarantun firamare da na sakandare, da manyan makarantu irin su Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, sun fi kasuwar fim dacewa da wannan aiki, domin ba riba suke nema ba. Na uku, a kula da abin da jama'a suke girmamawa. Fim ɗin Karmen Geï da aka ambata ya gamu da fushin mabiya ɗariƙar Muridiyya saboda an sa waƙarsu ta addini a wurin da suka ga bai dace ba, har aka dakatar da nuna shi a Sanagal. Wanda zai taɓa tarihin sarakunan Haɗeja, waɗanda zuriyarsu suke raye, ko ya taɓa waƙar addini, sai ya nemi shawarar masu abin tukuna.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa masu sabunta ofera sun yarda su sauya kusan komai ban da aikin waƙa. An nuna cewa tatsuniya da tashe su ne wasan waƙa na Bahaushe, kuma tun asali na yara ne. An yi amfani da Daskin-da-Riɗi wajen nuna yadda waƙa take zama ƙololuwar labari, take kuma koyar da mai saurare ya zama mai bayarwa. An kuma ga yadda finafinan bidiyo suka kai labarin gargajiya ga matasa masu yawa, amma da yawansu suka raba waƙa da labari, suka mayar da yaro ɗan kallo. A babi na biyar za a kawo taƙaitawar aikin baki ɗaya tare da shawarwari ga malaman Hausa da masu shirya finafinai.